Ranar da zazzaɓin ɗana ya sauka

Ƙannena, musamman ku da kuka fara ajiye iyali, ku matso in ba ku labarin wautar da na tafka a Sakkwato a ƙarshen 2023, lokacin da ɗana na biyu, mai shekara 11, ya kwanta.

Da yamma zazzaɓi ya rufe shi, jiki kamar garwashi. Yana ta kukan ƙasusuwansa, yana cewa bayan idanunsa na yi masa zugi. A wurinmu ai duk zazzaɓi maleriya ne, don haka na kai shi kyamis, aka soki yatsarsa, layi biyu suka fito. Aka ba mu maganin nan na kwana uku, safe da yamma. Har nan ban yi laifi ba, domin maleriyar tana nan da gaske. Inda na ɓata rawata da tsalle shi ne da na ce, "Malam, ƙara mana mai ƙarfi na ciwon jiki, farasitamol ba ya yi masa komai." Ya miƙo ibufurofen, na biya har da godiya.

A kwana na huɗu jikin ya yi sanyi. Na yi hamdala, na tafi aikina. Mahaifiyarsa ta tare ni a ƙofar ɗaki ta ce, "Maigida, yaron nan bai yi mini ba, dubi yadda ya yi laƙwas." Na ce mata ke dai akwai ki da tsoro, magani ne ke aikinsa. Kafin isha'i ya fara amai ba ƙaƙƙautawa, yana riƙe ciki yana murƙususu, tafin hannunsa ya yi sanyi ƙalau. Da ya buɗe baki sai na ga jini yana tsattsafowa daga dasashinsa.

A asibiti likitar ba ta yi mini faɗa ba, wanda da ta yi ma zai fi mini sauƙi. Tambaya kawai ta yi: "Baban yaro, me da me kuka ba shi?" Da na ambaci ibufurofen sai ta ajiye biro ta dube ni. Aka ɗebi jini. Sakamakon ya nuna zazzaɓin denge a kan maleriyar da muka riga muka sani. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda a jikin mai lafiya suke tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace maikirolita (ɗan mitsitsin ɗigo) ta jini, nasa sun faɗo ƙasa warwas.

A kan bencin asibitin nan na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Denge ƙwayar bairos ce, maganin maleriya ba ya taɓa ta, kuma ba ta da wani magani nata na musamman. Ruwa ne, da farasitamol, da sa ido. Makircinta kuwa shi ne, lokacin da zafin jiki ya sauka, tsakanin kwana na uku da na bakwai, a nan ne hanyoyin jini kan fara yoyon ruwa a cikin jiki. Awa 24 zuwa 48 ɗin nan su ne tsakanin rai da mutuwa ga wanda cutar ta tsananta masa. Wato ranar da na yi hamdala na fita, ranar ce ya kamata in zauna kusa da shi. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak kuma ƙara zubar jini suke yi, ni kuwa da hannuna nake ɗura masa.

Haɗuwar cututtukan biyu ita ta ƙara dagula lamarin. Denge kaɗai, yawancin mutane sukan warke cikin mako ɗaya ko biyu. To amma kowace a cikinsu tana rage ƙwayoyin daskarar da jini, maleriya kuma ga ta tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, hanta tana shan bugu ta fuska biyu. Likitocin da suka bi irin waɗannan majinyata a Kudancin Amurka, a Giyana ta Faransa da birnin Manaus na Burazil, sun ga ƙarancin jini da zubar jini da ciwon shawara sun fi yawa ga masu ɗauke da biyun. Ɗana ma sai da idonsa ya ɗan yi ruwan ɗorawa. Babbar illar dai a ganina ita ce yadda ɗaya ke ɓoye ɗaya: da zarar layi biyu sun fito, kowa sai ya daina tambaya.

Kada ku ce denge cutar wasu ƙasashe ce. Tun shekarun 1960 aka gano ta a Ibadan. A 2023 ɗin nan ta kashe mutum sama da 700 a Burkina Faso, Chadi ta ba da sanarwar ɓullarta a Abeshe, a Nuwamba kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya, NCDC, ta tabbatar da ita a Sakkwato. Na ji sanarwar a rediyo, ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Saboda haka, in zazzaɓi ya kama naku, ku yi gwajin maleriya, in ta fito ku sha maganin har ƙarshe. Ciwon jiki kuwa, ku tsaya a kan farasitamol ko da kun raina shi. In zafi ya sauka amma mara lafiya bai farfaɗo ba, ko ya fara amai, ko ciwon ciki mai tsanani, ko haɓo, ko kashi baƙi, kada ku jira gari ya waye. Ku buɗe baki ku ce a duba denge. Kuma in uwar yaro ta ce bai yi mata ba, ku ajiye girman kai ku saurare ta. Wanda ya taɓa yin denge ma bai tsira ba, domin iri huɗu ce, kamu na biyu da wani irin yakan fi na farko muni.

Kwana shida muka yi ana ƙarin ruwa kafin a sallame mu. Da muka dawo gida na zagaya bayan ɗaki, domin an ce mini sauron denge ba na dare ba ne, gidan sauro bai isa ya tsare shi ba. Baƙi ne mai zanen fari a ƙafa, da safe da la'asar yake cizo, kuma a ruwan da muke tarawa yake ƙwai. Na leƙa durom ɗin da ba shi da murfi, da tsofaffin tayoyin babur guda uku da na ajiye wai za su yi amfani wata rana. Cikin kowanne 'ya'yan sauro ne suke ta wutsil-wutsil.