Jadawalin da baffana ya gyara mini

Sati uku ke nan ina fama da takarda guda: jadawalin horon da za mu kai wa manoman albasa na kewayen Marwa da ke arewacin Kamaru, kan yadda ake adana ta ba ta ruɓe ba. Jami'ar Marwa tun 2008 take, amma har yau wasu tsofaffinmu katangarta kawai suka sani, shi ya sa na ɗora wa kaina wannan aiki.

Da farko na sa horon a watan Oktoba, ranar Litinin. Da na nuna wa baffana, sai ya yi dariya har da tafa hannu.

"Ɗana, wa za ka koya wa? Kujeru?"

Ya yi gaskiya. Litinin ce babbar ranar kasuwar Marwa, Oktoba kuwa kowa na karal, wato gonakin ƙasar laka, yana dashen muskuwari, dawar da ke rayuwa da damshin da ƙasa ta riƙe bayan damina. Na mayar da shi Janairu, gab da cirar albasa.

Sai maganar harshe. Takardunmu duk da Faransanci suke, manoman kuma Fulatanci suka fi ji, wasu Hausa. Na samu ɗalibai biyu da za su yi tafinta, ɗaya mace, don mata su zauna nasu zaman a cikin gida.

Majigi na cire shi, wutar ba ta da tabbas. Buhun albasa za mu ɗauka, mu baje a rumfa kowa ya taɓa. Jibi zan kai wa lawanin unguwar gaisuwa da goro.