Wata shida tsakanin Beetle da Golf

Motoci biyu suka zauna a hannuna wata shida: Volkswagen Beetle 1200 da na saya da gumina, da Golf ta farko mai inji 1.1 da wani abokina ya bar mini ajiya. Kamfani ɗaya ne, zamani ne ya raba su. Beetle ƙirar Ferdinand Porsche ce tun 1938, Golf kuwa sai 1974 ta fito, Giorgetto Giugiaro ya zana jikinta, kuma an yi ta ne don ta gaji Beetle ɗin.

Da fari lissafi na tsaya yi, wai Beetle ƙarfin doki 34, Golf 50. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba. Duk bambancinsu yana wurin da inji ya zauna.

Injin Beetle a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireto balle ruwa. Gabanta ba nauyi, tankin mai ne da taya safaya da ɗan wurin jaka. Shi ya sa in babbar mota ta wuce ka a guje, sai ka ji hancin motar ya karkata, dole ka riƙe sitiyari da hannu biyu. A kwana ma ba ta son a saki totur kwatsam, bayanta ne zai nemi ya riga gabanta. Golf kuwa inji a gaba yake a gicciye, tayoyin gaba ke ja, inda ka nuna mata nan take bi. Ranar da na fara tuƙa ta bayan mako biyu cikin Beetle, har kunya na ji don sauƙi.

Amma buɗe murfin injin Beetle ka gani. Komai na kallonka. Da sifana kaɗan na koyi saita bawul, tazarar milimita 0.15, kuma sai inji ya huce sarai. Ba ta da matatar baƙin mai, 'yar raga ce kawai, don haka duk kilomita 5,000 nake juye mai.

Ita ce kuma ta koya mini hankali. Wata rana jar fitilar caji ta kama, na ce batir ne, bari in ƙarasa gida. Ashe fambel ne ya tsinke, kuma shi ke juya fankar da ke hura wa inji iska. Ƙaurin ƙarfe ne ya tsayar da ni, saura ƙiris in ƙone injin. Tun ranar ba na fita sai da fambel na biyu a mota.

Golf ba ta taɓa tsorata ni a hanya ba, nata ciwon a ɓoye yake. Da na ɗaga kafet na tarar tsatsa ta ci ƙasan wurin ƙafar direba, ta kama kewayen gilashin gaba. Yanzu kowace tsohuwar mota na je dubawa, ƙarƙashinta nake fara shiga da tocila kafin in ji ƙarar inji.

Da abokina ya dawo na miƙa masa makullinsa, na gaya masa gaskiya motarsa ta fi tawa gudu, birki da wurin kaya. Ya ce to mu yi musaya mana. Na ce a'a, gobe da sassafe ina da saitin bawul.