Injin zarton da hannuna zai iya riƙewa har la'asar

Ina tsakiyar yankan wani busasshen gungume tsohon injina ya yi wata ƙara kamar an shaƙe shi, ya ɗauke. Na ja igiya, na sake ja, ta ƙi motsi. Da makaniki ya buɗe shi sai ya miƙo mini fistin ɗin, gefe guda duk ya kakkarce ya yi baƙi. Ya ce irin injin nan an yi shi ne don mai sare reshe ɗaya ko biyu a wata, ni kuwa shekara uku ina ɗora masa aikin yini cur, daga daddatsa bishiyoyin da iska ta kayar zuwa yankan itacen wuta. A wurinsa na fara fahimtar abin da ya raba injin gida da na masu sana'a. Na gida, cikinsa yana zaune ne a gangar jiki ta roba. Na masu sana'a gangar jikinsa ta ƙarfen maganiziyom ce, silinda a ɗaure a kanta da noti, ana kwance ta a sauya fistin a mayar, inji ya koma aiki. Na yanke shawara a nan take cewa na gaba zai zama na masu sana'a.

Sai dai su ma hawa-hawa ne, kuma matsakaitan sun kasu gida biyu. Akwai masu cc 50, akwai masu cc 60, cc kuwa ma'aunin girman cikin silinda ne. A na 50, sunayen da kowa ya ambata mini su ne Stihl MS 261 C-M na Jamus da Husqvarna 550 XP Mark II na Suwidin. Ƙarfinsu ɗaya ne a takarda, kilowat 3 kowanne, amma na farkon kilo 4.9 ne, na biyun 5.3. A na 60 akwai Stihl MS 362 C-M, mai cc 59 da kilowat 3.5 da kilo 5.6, da Husqvarna 562 XP mai wannan ƙarfin da nauyin da ya kusa kilo 6, da kuma Echo CS-620P na Japan.

Zuciyata tun farko tana kan na 60. Na sha wahalar ƙaramin inji yana shaƙewa a cikin itace, na ƙudurta ba zan sake ganin haka ba. Ina duban takarda ina cewa, me kilo ɗaya zai yi wa mutum mai lafiya?

Wani dattijo da ya daɗe a sana'ar shi ya hana ni gaggawa. Ya ce, "Yaro, kar ka saya tukuna. Ɗauki nawa ka yi mako da shi, sannan ka dawo mu yi magana." Na ce, "Baba, ai na riga na karanta komai a kansu." Ya ce gani ya kori ji, ya ɗauko mini babban injinsa mai cc 60, da dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kansa, wanda zan kira takobi, mai inci 20.

Safiyar farko ba zan manta daɗinta ba. Na ɗora takobin a kan wani gungume mai tauri wanda tsohon injina zai yi ta kuka a cikinsa, wannan kuwa ya nutse da nauyin kansa, ɓarɓashi manya-manya yana fitowa yana zuba a kan takalmina. Ban danna ba ko kaɗan. Na ce to, magana ta ƙare.

Bayan azahar labari ya sauya. Gumagumai sun ƙare, saura rassa, kuma shi aikin reshe daban yake. A yankan gungume itace ne yake ɗauke da inji, kai riƙo kawai kake yi. A aikin reshe kai ne kake ɗauke da shi: ka ɗaga, ka juya shi gefe, ka sunkuya, ka tsallake, ka sake ɗagawa, sau ɗaruruwa. A nan na gane cewa nauyin da ake rubutawa a takarda na inji ne tsirara, ba takobi, ba sarƙa, ba fetur, ba man sarƙa. Idan an haɗa su sai an ƙara kilo ɗaya da rabi ko fiye, kuma dogon takobi nauyinsa a can gaba yake, yana jan wuyan hannu ƙasa. Wajen la'asar hannuna na hagu ya fara rawa. Ina sare wani reshe ban lura bakin takobin ya sauka ba, saman hancinsa ya taɓa wani reshen da ke baya. Kafin in ƙifta ido inji ya yi tsalle ya nufo fuskata. Birkin sarƙa ya kama, ƙas, sarƙa ta tsaya cak tazarar taƙi ɗaya da hular kwanona. Na kashe shi, na zauna a kan kututture, na daɗe ban tashi ba. Injin bai yi laifin komai ba, birkinsa ma shi ya cece ni bayan kiyayewar Allah. Na san sarai ba a barin rubu'in saman hancin takobi ya taɓa wani abu, na san sarƙar nan tana gudun kimanin mita 20 a daƙiƙa. Gajiya ce ta ƙwace mini iko da bakin takobin.

Washegari kafin in tayar da inji na ɗauki awo na bi itacen da ke gabana, abin da ya kamata in yi tun kafin in karanta takardar kowane kamfani. Mafi yawan abin da nake yanka kaurinsa bai wuce inci 12 ba. Masu kai inci 20 jefi-jefi ne. Ashe ina shirin sayen inji ne saboda bishiyar da nake gamuwa da ita sau biyu ko uku a shekara, in ɗauki nauyinsa a duk sauran kwanakin.

Da na mayar wa dattijon injinsa na ba shi labari, bai yi mini faɗa ba. Ya ce shi ma ba ya fita da babban sai ranar kayar da manyan bishiyoyi, ya nuna mini wanda yake yini da shi, mai cc 50 da takobi inci 16. Ya haɗa ni da wani abokin aikinsa mai ɗayan samfurin, ta haka na samu na riƙe MS 261 da 550 XP duka biyu a kan itace iri ɗaya.

A yanka ban iya raba su ba, kuma duk wanda ya ce maka ɗaya ya yi wa ɗaya fintinkau, ka fara duba sarƙarsu kafin ka yarda. Bambancin a hannu yake. Na Husqvarna siriri ne, yana ɗaukar wuta da zarar ka taɓa totur, ya yi mini daɗi ƙwarai a cikin rassa. Na Stihl ya fi sauƙi da giram 400, kuma bayan abin da ya same ni na daina raina giram. Akwai kuma wani abu da ban san da shi ba sai da na zo sauya sarƙa. A 550 XP kulocin yana waje, sarƙa tana bi ta bayansa, wannan ne ya matso da takobi tsakiyar inji ya sa yake juyuwa da sauƙi. Sharaɗinsa shi ne ka saki birki kafin ka cire murfin gefe, don ɗamarar birkin a cikin murfin take, in ka cire shi a kame mayarwa sai da dabara. A MS 261 kulocin yana ciki, haƙoran da ke jan sarƙa suna waje, sa sarƙa ba wuya. Kuma ranar da itace ya matse maka takobi, kana iya kwance noti ka janye injin ka bar takobin a ciki har ka samo abin buɗa shi. Mai aiki shi kaɗai zai san darajar wannan.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne kafireta. Duka biyun na'ura ce take daidaita musu mai, Stihl suna kiran tasu M-Tronic, Husqvarna AutoTune. Babu sukurorin nan biyu da aka saba murɗawa don ƙara mai ko rage shi, inji da kansa yake gyara haɗinsa idan zafi ya sauya ko matatar iska ta fara toshewa. Ga wanda ya taɓa ganin fistin ya ƙone, wannan babban alheri ne, don yawancin ƙonewar daga ƙarancin mai a haɗin iska take farawa, mutum ya murɗa sukuru yana jin daɗin ƙarar inji alhali yana kashe shi. Amma idan na'urar ta samu matsala, sai wakilin kamfani mai kwamfutar da ke karanta ta. Wanda yake nesa da irin wannan wakili, ina ganin ya dubi injin da ake saita kafiretarsa da hannu, irin Echo CS-501P a masu cc 50, wanda kowane makanikin ƙananan injuna zai iya taɓawa. Ni na je wurin wakilan kamfanonin biyu ban tambayi ƙarfin inji ba. Na tambaye su ko suna ajiye matatar iska da fulogi da haƙoran jan sarƙa da igiyar tayarwa, kuma kwana nawa inji yake yi a hannunsu. Wanda na fi saurin isa wurinsa, kuma ya ɗauko kayan ya ajiye a gabana, na Stihl ne. Da wannan da giram 400 ɗin na ɗauki MS 261. Da wakilin ɗayan ne ya fi kusa da ni, da na ɗauki 550 XP ba tare da wata damuwa ba.

Ko bayan na saya ban rabu da kwaɗayin girma nan da nan ba. Na sa masa takobi mai inci 20, ina ganin na haɗa sauƙi da tsawo. Yana ja, amma idan takobin ya nutse gaba ɗaya a itace mai tauri sai ƙarar ta faɗi, kuma man sarƙa ba ya wadatar hanci yadda nake so. Na koma inci 16, wato santimita 40, inji ya dawo hayyacinsa. Gungumen da ya fi takobin kauri sai in yanke shi ta gefe biyu, wanda da haka ana iya cin kusan ninki biyu na tsawon takobi.

Darasin da ya fi duka girma a wurina na sarƙa ne, kuma da na koye shi tun farko da wataƙila tsohon injina bai mutu da wuri haka ba. Inji mai cc 50 da sarƙa mai kaifi yana barin mai cc 60 da dakusasshiyar sarƙa a baya, na gani da idona. Alamar tana ƙasa, a kan takalminka. In ɓarɓashi manya ne ke fita, sarƙa lafiya lau. In ya koma gari kamar ƙura, kuma ka ji kana danna inji da ƙarfinka, tsaya. Dannawar nan ita ke zafafa inji, ita ke cinye takobi, ita ke gajiyar da hannu. Yanzu duk lokacin da na zuba fetur sai na bi kowane haƙori da magagari sau biyu ko uku. Sarƙata mai tazarar inci 0.325 ce, magagarinta zagayayye mai milimita 4.8, a karkace digiri 30. Bayan wasa uku ko huɗu nakan duba ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori, wanda ke ƙayyade zurfin cizo. Ya kamata ya gaza haƙorin da milimita 0.65. In ya yi tsawo sarƙa ba ta ci, in aka zaftare shi da yawa sai ta riƙa fizga, tsallen nan da ya kusa samun fuskata ya ƙara sauƙin faruwa.

Su ma haƙoran iri biyu ne. Mai kusurwa tsaf ya fi sauri a itace mai tsabta, amma ƙasa kaɗan a jikin ɓawo ta isa ta dakusar da shi. Mai zagayayyar kusurwa ya ɗan fi jinkiri, sai dai yana jure datti. Tun da itacena yawanci a ƙasa nake samunsa kwance, busasshe, da yashi a ɓawonsa, na biyun nake sawa, na daina tsayawa wasa kowane minti goma.

Mai kuwa ba na wasa da shi ko kaɗan yanzu. Kashi 50 na fetur, kashi 1 na man haɗi, wato mililita 100 a lita 5, da ma'auni nake aunawa. Ba na haɗa abin da zai wuce wata guda a ajiye, don tsohon haɗi yana lalacewa ya toshe kafireta. Man sarƙa ma nasa nake saya, ba na zuba baƙin man da aka juye daga mota. Kowace yamma ina cire matatar iska in kakkaɓe, in juya takobi ciki ya koma waje don ya ci daidai, in share ramin da sarƙa ke bi.

Abin da ya rage mini daga bambancin kuɗin na 60 da na 50 na sayi wandon kariya da shi, irin wanda zarensa ke cusa kansa cikin haƙoran jan sarƙa ya tsayar da ita, da abin toshe kunne, don ƙarar waɗannan injuna ta haura desibel 100, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

A watan da ya wuce aka kira ni kan wata bishiya da ta faɗi wadda gindinta ya haura inci 30. Na daddatse rassanta da samanta da injina tun safe har yamma hannuna bai yi rawa ba. Da na iso gindin na ajiye shi, na je wurin dattijon na ce, "Baba, na zo aron babban." Ya ba ni, na yi yanka shida da shi, na wasa masa sarƙa, na cika masa tanki, na mayar kafin magariba.