Limamin Nghar da mu masu ƙofa a kulle

Wallahi duk lokacin da aka zo ana ta surutun zaman lafiya a otal, ana shan lemo ana ɗaukar hoto, ni Malam Abubakar Abdullahi ne ke faɗo min a rai, wanda ya yi limancin ƙauyen Nghar ɗin nan na ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato. A watan Yunin 2018 da maharan suka afka wa yankin, mutane suka yi ta gudu ba su san inda za su sa kansu ba, yawancinsu Kiristoci ne, tsoho mai shekara 83 ya buɗe musu masallaci ya shigar da maza, matan kuma ya kai su cikin gidansa, mutum 262 fa, ya fito ya tsaya gaban masu bindiga yana roƙonsu har suka tafi. A 2019 Amurka ta ba shi lambar yabo, to amma ranar da ya yi abin ai ba lambar yake nema ba.

Mu kuma a gari yanzu, katanga ta yi tsawo an ɗora mata waya, maƙwabci ya kwanta asibiti sati guda ba ka sani ba sai ka gani a Facebook. Almajirin da ke mana wanke-wanke ma, sunansa kawai muka sani, garinsu ko oho, in bai zo ba sai mu hau faɗa ba mu tambayi ko lafiya ba.