Godiya ga waɗanda suka taya mu neman labarin kakan uwargida

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alhamdu lillahi mun dawo daga Poland lafiya, ni da uwargida da surukata, kuma wajibi ne in fito fili in gode wa mutanen da suka ɗauki wannan nema tamkar nasu.

Ga waɗanda ba su san tushen maganar ba, mahaifin surukata Baturen Ingila ne, hafsa a rundunar sojan saman Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ne mai duba taswira yana nuna wa matuƙi hanya a jirgin Lancaster, mai ɗaukar mutum bakwai. A 1943 aka harbo jirginsu a sararin Holan, ya diro da laima, Jamusawa suka kama shi. Har ya bar duniya bai taɓa zama ya ba 'yarsa labarin ba. Abin da ya bari sai wata guntuwar takarda mai lambar fursuna.

Godiyata ta farko ga ƙanwarmu da ke karatu a Landan. Ita ta gano cewa katunan da Jamusawa suka riƙa cike wa fursunonin Birtaniya suna nan a gidan adana takardun tarihi da ke unguwar Kew a Landan, a jerin da ake kira WO 416, ta kuma bi mana har aka fito da nasa. Da hotonsa a jiki, da zanen yatsa, ga gemun kwanaki a fuskarsa. Surukata ta haura saba'in, amma ranar ta fara ganin ubanta yana saurayi a hannun maƙiya. Malama, Allah ya ba ki miji nagari, ya sa ki gama karatu lafiya.

Sai Alhajinmu ɗan zangon Kumasi da ke Hamburg, wanda ya kwana yana fassara mana Jamusancin katin, rubutun da ko jikokin masu shi sai sun ƙura ido. Daga bakinsa muka ji cewa an fara kai mutumin Oberursel kusa da Frankfurt, inda ake yi wa sojan sama tambayoyi, kafin a tura shi sansanin Stalag Luft III a garin Sagan, wanda yau yake cikin Poland da sunan Zagan. Ma'aikatan Red Cross na Geneva ma sun amsa takardarmu, bayaninsu ya zo daidai da na katin.

Ɗalibanmu biyu na birnin Wroclaw a Poland su suka kai mu sansanin da mota, suka ƙi karɓar ko kuɗin mai. Wurin yanzu dajin itatuwa ne da gidan tarihi. Na sa hannu na ɗebi ƙasar, rairayi ne zalla, kuma da gangan aka zaɓi wurin don duk ramin da aka haƙa ya rufta. Duk da haka a daren 24 ga Maris 1944 mutum 76 suka fice ta ramin da suka haƙa a ƙarƙashin waya. Uku kaɗai suka kai gida, aka kamo 73, aka harbe 50 bisa umarnin Hitila. Mahaifin surukata ba ya cikin waɗanda suka fita, amma bai tsira daga tattakin ƙarshen Janairun 1945 ba, lokacin da sojojin Rasha suka matso aka kora fursunoni a ƙafa cikin dusar ƙanƙara har Spremberg, aka loda su a taragon shanu. Nan surukata ta ce yanzu ta gane dalilin da ya sa bai taɓa yarda a zubar da ɓawon burodi a gidansu ba.

Akwai baƙar fata ma a wannan sansani, Cy Grant ɗan Guyana, shi ma mai duba taswira. Johnny Smythe na Saliyo kuwa a Stalag Luft I aka tsare shi.

Ba zan ɓoye ba, na ji wani ɗaci. Bature ɗaya, ga kati, ga hoto, ga lamba. Kakanninmu da aka kwasa daga Kano da Zariya da Sakkwato zuwa Burma cikin runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma a wannan yaƙin fa, gida nawa ne ke da ko takarda ɗaya tasu? Amma sunayen wasu daga cikin waɗanda ba su dawo ba suna rubuce a dutsen tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, kuma ana iya duba su kyauta a shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth. Duk mai cikakken sunan kakansa, ko lambarsa ta soja, ya turo mini ta saƙo in taya shi dubawa bayan Magariba.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.