Tsohuwar osiloskop ɗin shagona

Shagona na gyaran rediyo da tele da amfili nan Tawa yake, ni da yara biyu masu koyo. Duk wanda ya shigo sai ya tambayi wanga akwati mai ɗan gilashi da ke bisa tebur, wasu ma tele suke ce mata. Osiloskop ce, na'urar da ke zana yadda wutar lantarki ke hawa da sauka bisa gilashi, Tektronix 465 ƙirar Amurka, tun 1972 aka fara fito da irinta, ni ko a Yamai na saye ta hannun wani dattijo da ya bar sana'a.

Wai ta ɗauka a hannu ce, to amma ta kai kilo 10, sai dai mariƙinta ya burge ni wallahi, ka ɗauke ta da shi, ka iso wurin aiki ka juya shi ƙasa ya zama ƙafa, gilashin ya kallo fuskarka. Waya biyu take karɓa lokaci guda, tana gani har megahaz 100, wato wutar da ke kaɗawa sau miliyan 100 cikin daƙiƙa, gilashin an ja mishi gida 8 a tsaye 10 a kwance, kowane aiki da maɓallinshi, ba shiga nan fita can kamar na zamani, hannuna ya san su ko ban duba ba.

Ran nan aka kawo amfilin wani masallaci, ladan na kiran salla abu na ta gurnani. Yaro ya sa mita ya ce maigida wuta daidai take. Na ce jona osiloskop mu gani. Koren layin nan da ya kamata ya kwanta shar sai ga shi yana hawa da sauka kamar haƙoran zarto, sau 100 cikin daƙiƙa, ninki biyu na sau 50 ɗin wutar gari ke nan, babban kondansater, abin da ke tara wuta ya daidaita ta, ya bushe. Yaron ya yi shiru yana kallo, muka canza, layi ya kwanta, kafin la'asar sun zo sun ɗauka.

Ƙura ce abokiyar gabarta, lokacin hunturu duk sati sai na hure fankar bayanta. Ƙananan kondansater ɗinta na ƙarfen da ake ce ma tantalom su ma suna ƙonewa in sun tsufa, biyu na canza da hannuna don komi na ciki a fili yake, ƙarfen narka dalma na isa gare shi. Yaran dai na hana su buɗe ta, bayan gilashin nan akwai dubban volt.