Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Hancina Ya Mutu

Makon jiya mun tsaya a kullen korona da aka sa wa Kumasi da Accra ranar 30 ga Maris 2020. Mako uku teburin kokona yana kife a unguwar Asawase ta Kumasi. Ana buɗe gari na koma sana'a, sai zazzaɓi ya kwantar da ni cikin azumi. Na miƙe, amma hancina bai miƙe ba.

In daka citta da kanumfari da masoro, in kai hanci bakin turmi, shiru. Ƙosai kuwa gishirinsa da zafin barkono kawai nake ji. Mai koko fa!

'Yar yayana da ke karatun likita a jami'ar KNUST ta Kumasi ce ta zaunar da ni.

"Goggo, harshenki lafiya lau. Abu biyar ya sani: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da garɗi irin na daddawa. Sauran daɗin abinci aikin hanci ne, ta bayan maƙogwaro ƙamshin ke hawa."

Ta ce a can ƙuryar hanci akwai masu kama wari kusan iri 400, kuma Linda Buck da Richard Axel da suka gano asalinsu a 1991 har kyautar Nobel suka samu a 2004. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini shi ne da ta ce gani da ji sai sun biya ta wata tasha a tsakiyar ƙwaƙwalwa, talamus, kafin su isa. Shi wari zarcewa yake yi, ya sauka dab da inda ake ajiye tuna baya da motsin zuciya.

Nan na fashe da kuka, yarinya ta rikice. Tun rasuwar Inna, kullum asuba in na buɗe gwangwanin kanumfari sai na gan ta a tsakar gidanmu na Aboabo, zani ɗaure a ƙirji, tana tace gasara. Hotonta na bango bai taɓa kawo mini ita haka ba. Yanzu in buɗe, gwangwani ne kawai.

'Yar yayan nawa ta ɗora ni kan atisayen shinshina, safe da yamma: lemun tsami, furen wardi, man turare na zaiti, da kanumfarin kansa. Kishiyata har leƙowa take tana dariya.

Bayan Babbar Sallah wari ya fara dawowa, amma a karkace. Albasa ta koma mini warin ƙonanniyar roba, ga ƙosai ba ya yiwuwa sai da ita. Yadda muka ƙare da kishiyar tawa a kan kaskon suya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.